Kan Zakara da Rawayar Takarda

SHAFI NA 14

Masu ƙorafin na bar ku tsaye a bakin gaɓa jiya, ku yi haƙuri, gwiwa ce ta motsa. Ke kuma mai cewa in aurar da su kawai kowa ya huta, 'yata, da haka ake yi da labarin bai kai shafi na biyu ba. Ku gyara zama.

*

Maganar da kowa ya sani a tsibirin, tun daga masu shanya jatan lande a bakin ruwa har matan da ke buga wasan majong a gindin ceɗiya, ita ce Bing mai gasa agwagwa ba zai taɓa auren Kam-ho ba, ko da su biyu suka rage a duniya.

Ba don ba ya so ba. Makaho ma ya ga yana so.

Sai don shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce, shi da marigayi mijinta, Tin-yau, ma'aikacin jirgin ruwa, sun hau tudu, sun durƙusa gaban gunkin Kwan Tai mai jar fuska, sun sare kan zakara, sun ƙona rawayar takarda. Zaam gai tau, siu wong zi, in ji mutanen tsibirin, wato sare kan zakara, ƙona rawayar takarda. Daga ranar suka zama wa da ƙane, matar ɗaya ta haramta ga ɗayan har kabari. Wanda ya karya, yadda kan zakaran ya faɗi haka nasa zai faɗi.

Malama Mok, yayar marigayin, ta ji wannan magana har kunnenta ya yi kanta. Ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da 'ya'yan mutane a can birni, a Kowloon, kuma abin da aikin ya koya mata shi ne, in aji duka ya kawo amsa iri ɗaya, to daga takardar mutum ɗaya aka kwafa.

Abu guda ke mata kai-kawo a rai. An ce zakaran uwarsu ne Tin-yau ya sata ya kai tudu. Ita kuwa ta san uwarta. Matar da ta yi wata guda tana tsine wa shaho saboda ɗan tsako, a ce an ɗauke mata zakara ɗungurungum, har ta mutu ba ta taɓa ambata ba? Gaskiya ne a lokacin Malama tana makarantar horon malamai a birni, amma irin wannan kuka ko daga birni sai ta jiyo shi.

A da ba ta damu ba. Maza da tatsuniyarsu. Yau kuwa ya zama dole, domin Chun-kit, ɗan Kam-ho, yana tafe a jirgin fito na yamma. Ya zo ne ya tafi da uwarsa Kanada, tafiyar da babu dawowa.

Ta tarar da Kam-ho zaune a tsakar ɗaki tana naɗe busasshen kifi a tsohuwar jarida. Ta gaya mata a filin jirgin sama za su ƙwace shi. Kam-ho ta ce to su ci, su ma su san daɗi.

"Kina son tafiyar nan?"

"Chun-kit ya ce ɗakin akwai abin ɗumama shi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Kam-ho ta ci gaba da naɗi. Can ta ce jiya Bing ya zo. Rabin agwagwa, kamar yadda ya saba kawowa duk farkon wata tun da aka binne Tin-yau. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai karɓar kuɗin wuta, ya miƙo, ya ce, A-sou, a sauka lafiya. A-sou. Matar yaya. Sunan da yake kiranta ke nan tun tana amarya, ko sau ɗaya bai taɓa kuskuren kama sunanta ba.

"Da ya ce ki zauna fa?"

"Yaya, wanda ya shekara bakwai yana kallon takalminsa, ba yau zai ɗago kai ba."

"Na ce da ya ce."

Kam-ho ta ɗaure kifin da zare, ta ja ƙullin fiye da yadda yake bukata.

"Da na kwance kifin nan," ta ce.

Malama ta ji abin da ta zo ji. Tana miƙewa idonta ya faɗa kan wata tukunyar ƙasa mai tsagaggen murfi a gefen murhu. Ta tambaya, aka ce ta Bing ce, tun bara ya kawo romo a ciki. Malama ta ce abin kunya ne mutum ya bar tsibiri da kayan mutane. A mayar masa da ita yau in rana ta take, bayan masu sayen abinci sun watse. Kuma ba a mayar da tukunya fanko. Kuma ta bi ta ƙofar baya, kada matan ceɗiya su sami abin taunawa.

Kam-ho ta bi ta da kallo.

"Me kike ƙullawa?"

"Ni? Shayi zan je sha."

*

A gidan shayi, teburin kusa da taga na mutum biyu ne tun kafin a sa wa tsibirin wutar lantarki: Dogo Pang, tsohon matuƙin jirgin fito, da Kan mai haƙorin zinariya, wanda ba wanda ya taɓa sanin sana'arsa. Su ne suka fi kowa ba da labarin rantsuwar, domin a cewarsu a gabansu aka yi.

Suna hango Malama, Kan ya ɓoye sigarinsa a ƙarƙashin tebur, alhali ya girme ta.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ɗauki buta ta zuba musu shayi da kanta. Suka ƙwanƙwasa tebur da yatsu suna godiya, suna satar kallon juna. Malama Mok ba ta zuba wa mutum shayi a banza.

Ta ce tsufa ya sa tana son jin labarin ƙanenta. Su ba ta na ranar rantsuwa, tun da su ganau ne.

Abin nema ya samu. Pang ya gyara murya ya ce ranar hazo ya rufe teku, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Kan ya ce wane hazo, rana ce tarwai, shi har da malafa ya zo. Pang ya ce da sassafe ne, domin da hantsi jirgin Tin-yau zai tashi zuwa ƙasashen Turawa. Kan ya yarda da wannan, amma ya ce shi ne ya riƙe giyar. Pang ya ce in da shi ya riƙe ta, da ba ta kai tudu ba.

Malama ta bar su suka gaji don kansu.

"Wa ya sara?"

Nan bakinsu ya zo ɗaya. Bing. Lokacin yana yaron mai gasa nama, wuƙa a hannunsa kamar a ciki aka haife shi.

"Kun ga saran da idonku?"

Pang ya kurɓi shayi. Ya ce to, ai Malama ta san ƙa'ida, ba mai shiga ɗakin bauta sai masu rantsuwar. Su a gindin tudu suka tsaya. Amma sun ga hayaƙin takarda ya tashi. Sun ji ƙarar wuƙa, ƙwas. Sun ji zakara ya yi kuka guda. Sannan ga su nan sun sauko su biyu, leɓunansu jawur, ƙasan kwanon giyar ma jawur. Kuma har gobe in ta hau, shatin wuƙar na nan a dokin ƙofa, yara ma sun san shi.

"Shati yana nuna wuƙa ta sauka," in ji Malama. "Ba ya nuna kan me ta sauka."

Kan ya yi dariya har haƙorin ya haska. Ya ce karatu da yawa shi ke kawo haka, mutum ya ga ruwa ya ce sai an kawo masa shaidar jiƙa.

Malama ta yi murmushi ta ƙara masa shayi. Ta ce ita jahila ce a wannan fanni, su koya mata. A ce mutum biyu sun ƙona takarda, sun faɗi duk abin da ake faɗa, amma ba a sare kan zakara ba. Sun zama 'yan'uwa?

Pang ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Ina. Hayaƙi ne kawai. Takarda tana kai sunanku sama, jini shi ke ɗaure ku. In ba jini, kun dai sanar da Kwan Tai za ku zo, ba ku zo ba."

Kan ya ce ƙwarai. Kamar a yi kiɗan biki ne ba amarya. Shi ya sa maganar take da rabi biyu, kuma zakara ne a gaba.

Ta sa suka maimaita. Suka maimaita, har mai kawo kwandunan abinci ta tsaya tana ji.

"To wane zakara ne? Na manta kajin gidanmu."

"Haba Malama, wa zai manta shi?" in ji Pang. "Baƙin nan mai ido ɗaya. Ɗan banzan da ya hana mai kawo wasiƙa bin layinku."

Malama ta tsaya da kofi a hannu.

A hankali ta ajiye shi, ta juya babban yatsanta na dama. A gindinsa akwai wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar shinkafa. Ta daɗe da daina ganinsa.

Ranar bikin Tin-yau ta same shi.

Kowa a tsibirin ya san labarin wannan biki, suna ba da shi kamar yadda suke ba da na rantsuwa. Mai duba ya tsai da rana, ranar ta zo, jirgin ango yana can wata tashar duniya ya lalace. Ranar da mai duba ya tsayar kuwa ba a ɗaga ta. Sai aka yi abin da gidajen matuƙa suka saba yi: aka naɗe zakara da jan ƙyalle ya tsaya a madadin ango, amarya ta sunkuya ta yi gaisuwar sama da ƙasa ta ɗaurin aure tare da shi. Malama ta zo daga birni da safiyar ranar, uwarta ta tura ta wurin kaji ta ɗaura wa ango ƙyallensa. Ango ya kafa mata baki a yatsa. Ta ɗaga shi sama don ta zage shi ido da ido, sai ta ga idon ɗaya ne.

Bikin kuwa watanni bayan rantsuwar aka yi shi.

Ta miƙe.

"Ba ki ci komai ba," in ji Kan.

"Na ƙoshi. Ku riƙe abin da kuka ce game da hayaƙi, zan zo karɓa."

*

Shagon Bing bai fi faɗin tabarma biyu ba. Agwagi a rataye a bayan gilashi suna ƙyalli, kututturen sara ya lotsa a tsakiya saboda shekaru. Masu sayen abincin rana sun watse, saura shi kaɗai, gajere, mai faɗin kafaɗa, kansa fari fat, yana goge faffaɗar wuƙarsa.

"Yaya. Kin ci shinkafa?"

Haka yake kiranta, Yaya, tun da a lissafin tsibiri shi ma ƙanenta ne.

Ta ce ba ta ci ba. Ya sara mata cinya, ta hagu, kada ya yi mata wayon da yake wa 'yan yawon buɗe ido. Ya yi dariya, ya sauko da agwagwa. Ta zauna a kan kujerar roba tana kallon hannunsa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ko duban kututturen ba ya yi, yana tambayarta ciwon gwiwa, amma kowane yanka ya fito daidai da ɗan'uwansa kamar an auna.

"Ka taɓa sare yatsanka, Bing?"

Ya ɗaga hannayensa biyu. Goma cif.

"Ka taɓa kuskure sara?"

Ya ce maigidansa na farko yakan ɗora ƙwayar gyaɗa a kututture ya ce ya raba ta biyu ido a rufe. Wanda ya tashi a haka ba ya kuskure.

"Madalla," in ji Malama. Ta ɗauki yanka guda ta ci, ta yaba gishirin. Sannan ta miƙa masa babban yatsanta.

"Ka san wannan?"

Ya leƙo. Ya ce tabo ne.

"Ango ne ya yi mini shi ranar bikin Tin-yau. Kai ka rungume shi a gaban baƙi, ko ba kai ba ne?"

Ya ce shi ne. Ƙanen ango ke riƙewa, kowa ya sani.

"Na tuna yadda ka riƙe shi. Ka manna gefen fuskarsa a ƙirjinka tun daga farko har ƙarshe. Har gwaggonmu tana cewa dubi yadda yake lallaɓa shi kamar jariri. Wane ido kake ɓoyewa, Bing, na dama ko na hagu?"

Wuƙar ta tsaya a sama.

Ya ce zakaru masu ido ɗaya suna da yawa a duniya.

"A gidan uwata? Matar da ke ƙirga ƙwayar shinkafa ta ciyar da zakara biyu, kuma duka biyun baƙaƙe, duka biyun masu ido ɗaya?"

Ya ce wataƙila ɗansa ne.

"Ido ɗaya ba a gadonsa. Na koyar da wannan a aji huɗu."

Bing ya ajiye wuƙa. Ya goge hannu a gaban rigarsa, ya sake gogewa. Ya leƙa titi ya ga ba kowa. Ta ƙofar baya kuwa bai duba ba, ita ma Malama ba ta duba ba, ko da yake ta ji ɗan motsin murfin tukunya a bayan labule.

"Yaya, mutumin nan ya mutu. A bar shi ya kwanta."

"Shi ya kwanta. Kai ne ka ƙi tashi. Gaya mini."

Ya zauna a kan buhun gawayi. Da farko maganar tana fitowa da ƙyar, daga baya ta ɓalle. Ya ce sun shiga, sun kunna turare, sun rubuta sunayensu da ranakun haihuwarsu a takarda sun ƙona. Tin-yau ya danne zakaran a dokin ƙofa, ƙafafunsa ɗaure da igiya. Ya kau da kai, domin duk girman jikinsa ba ya son ganin jini. Shi Bing ya ɗaga wuƙa. Sai zakaran ya zille. Wuƙa ta sauka a kan igiya. Kafin su ankara, ɗan banza ya yi kuka guda, ya bi ta kan Tin-yau, ya haye rufi, ya tsaya yana kallonsu da idonsa ɗaya. Suka yi ta jifansa da takalmi. Ya sauka ta bayan tudu ya kama hanyar gida a ƙasa, ko sauri ba ya yi.

Malama ta danne dariya da yankan agwagwa.

Ya ce Tin-yau ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Sannan tsoro ya kama su. Ga mutane a gindin tudu suna jira. In aka ji zakara ya tsere, za a ce Kwan Tai ya ƙi karɓa, ɗayansu yana da mugun ciki. Ga jirgi zai tashi, ba matuƙin da zai yarda ya hau ruwa da mutumin da aka ƙi rantsuwarsa. Sai suka zuba jan romon da ake shafa wa agwagwa a cikin giya, suka sha, suka shafa a leɓe, suka sauko. Uwar Tin-yau kuwa ta ga zakaranta ya dawo da guntun igiya a ƙafa, ta kulle shi a akurki ta yi gum. Ba ta yi asara ba, me za ta ce?

"Ka ji," in ji Malama. "Ashe shi ya sa ban ji kukanta daga birni ba."

Bing ya ɗago. Fuskarsa ta yi ja kamar ta wanda suka durƙusa wa.

"Amma mun ƙona takarda, Yaya."

Ta ce hayaƙi ne kawai. Ba ita ta faɗa ba, Dogo Pang ne, a gaban shaidu, har sau biyu. Sun sanar za su zo, ba su zo ba.

"Na kira shi yaya shekara hamsin."

"Ka kira shi."

"Ni na kai Chun-kit makaranta ranar farko, ubansa yana teku. Ni na ɗauki gaban akwatin gawarsa. Wannan ma hayaƙi ne?"

Malama ta ajiye tsinken cin abincinta. Muryarta ta sauko.

"A'a. Wannan kai ne. Ba zakara ya sa ka ba, ba tsoron kanka ya faɗi ya sa ka ba, tun da ka san ba abin da zai same ka. Ka yi ne don kana so. Ƙanena ya yi sa'ar aboki, na faɗa a ko'ina. Amma aboki ba ƙane ba ne, kuma matar aboki, in ya rasu ta gama zaman makoki, mace ce kamar kowace mace. Jirgin yamma yana tafe, Bing."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya ce mutane za su yi magana. Ta ce mutane suna magana tun kafin a haife shi, kuma ta ga bakin da suke maganar da shi, ɗaya ya ce hazo ɗaya ya ce rana. Ya ce ya tsufa. Ta ce ita ma Kam-ho ba jiya aka yaye ta ba. Ya ce ai ita ba ta san komai ba, a wurinta shi ƙanen miji ne, in ya buɗe baki yanzu da wane ido za ta dube shi?

"Da guda biyu," aka ce daga bayan labule. "Ni ba zakara ba ce."

Bing ya miƙe zumbur har buhun gawayi ya kife.

Kam-ho ta shigo da tukunyar ƙasa a hannu, tururi yana fita ta tsagar murfin. Ta nemi wuri a gefen kututture ta ajiye, ta gyara mata zama, kamar abin da ya kawo ta ke nan.

"A-sou..."

"Romon kankana ne da ƙashi. Ka sha da zafinsa."

"Tun yaushe kike..."

"Tun wajen gyaɗa."

Ta juyo ta dubi Malama, ta ce Yaya ta sha wahalar banza, da ita ta tambaya da ta huta da hawa gidan shayi da wannan gwiwa. Zakaran da ya tsaya wa ango ba a yanka shi, ba a sayar da shi, amarya ke kiwonsa har ya mutu don kansa. Shekara da shekaru tana ba shi tsaba a bayan ɗakinta. Tana jin ana labarin baƙin zakara mai ido ɗaya da aka sare a tudu, tana dawowa gida tana tarar da shi yana bin kajin maƙwabta.

"Kin sani?" in ji Malama. Rabon da a ba ta mamaki har ta manta. "Kika yi shiru?"

"Da me zan ce? Da mijina yana raye, sirrinsa ne. Da ya mutu, na ce bari in ga ranar da wannan zai gaji da laɓewa a bayan zakaran da ni na binne da hannuna."

Bing ya sunkuya ya tada buhun gawayin da ya kife.

Daga can bakin gaɓa jirgin fito ya yi kuka, dogo, irin na shigowa. Su uku suka ji shi. Malama ta dubi agogon bango ta ce ko dai jirgin ya yi sammako, ko Chun-kit ya kamo na rana.

Kam-ho ta matso. Tsayinsu ɗaya da Bing, don haka ba inda zai kai idonsa.

"Abu ɗaya ne ban sani ba, sai yau da na ji daga bakinka. Tin-yau bai taɓa gaya mini da me kuka rina giyar ba."

Ya ce jan romo ne. Na agwagwa.

"A kan tudu."

Ya ce e.

"Ɗakin bauta ba a gasa agwagwa a cikinsa, Bing. Shagon maigidanka kuwa yana nan bakin ruwa. A ina ka samo romo?"

Bing ya sauke ido kan takalminsa.

Malama ta ji kunya ta kama ta, irin ta malamin da ɗalibi ya riga shi ganin amsa. Ta janyo farantinta kusa, ta gyara zama.

"A aljihuna yake," in ji Bing, da ƙyar. "A 'yar kwalba."

"Mutum zai tafi yanka zakara, ya san jini zai samu har ya yi yawa, sai ya cusa kwalbar jan romo a aljihu tun daga gida."

Kam-ho ta ƙara matsowa.

"Me ake faɗa kafin a sara? Faɗa mini ƙarshensa."

Ya faɗa a hankali, yadda ake faɗa a durƙushe: in na ci amanar ɗan'uwana, in na tona asirinsa, in na sa matarsa a raina, yadda kan zakaran nan ya faɗi haka nawa ya faɗi.

"Lokacin an riga an kai kayan sa ranata gidanmu," in ji Kam-ho.

"An kai."

"Kai ka ɗauko gasasshen naman a ka."

"Ni ne."

A waje an fara jin ƙarar tayoyin akwati a kan duwatsun layi, da muryar Dogo Pang yana yi wa wani barka da zuwa da ƙarfi, yana cewa uwarka ba ta gida, na ga ta bi ta bayan shagon Bing da tukunya.

Kam-ho ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ka ce zakaran ya zille. Tin-yau ya kau da kai, bai gani ba. Ni ban je ba. Saura kai da Kwan Tai. Ka dube ni, Bing, ba takalminka ba. Kuskure ka yi?"

Bing ya ɗago kai. Ya dube ta sosai, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da ya rungumi zakara ya sunkuya tare da ita gaban sama da ƙasa.

"Bai zille ba, Kam-ho," ya ce. "Igiyar na auna."